Bencin Turawa

Jhansi, ƙasar Indiya, damina, 1924

Yaya Kedarnath,

Gaisuwa da ladabi. Ya ciwon ƙafar Inna? Shinkafarmu ta yi kyau bana? Ni lafiya lau nake, aikin tashar jirgin ƙasa sai godiya. Abinci ne dai ya ƙi shiga tun Talata.

A ranar ne Malam Tribhuwan, wanda ya koya mana Turanci a ƙauye, ya sauko daga jirgi yana haki, ya zauna a bencin Turawa. Baturen tasha ya yafito ni, ya ce, "Tashe shi."

Na je, Yaya. Malam ya gane ni, ya ɗaga hannu zai sa mini albarka, yana jiran in sunkuya in taɓa ƙafarsa, yadda muke gaida manya. Ban sunkuya ba. Na nuna allon da ke jikin bencin, na karanta Turancin da ke kai da ƙarfi don Baturen ya ji: "Turawa kaɗai."

Ya ɗauki ƙunshinsa ya ce, "Madalla, Bishan. Ko harafi ɗaya ba ka kuskure ba."

Kada Inna ta ji, Ubangiji ya ja kwananta. Ga bargo nan, ka kai wa Malam, kada ka ce daga ni ne. In ka je, ka taɓa ƙafarsa sau biyu. Ɗaya nawa ne.

Ƙaninka,
Bishan