Rasuwar Rusanka Gerzilova da Baitoci Huɗun da Suka Ɓace Mana

Cikin alhini, da wani ruɗani da har yanzu bai sake mu ba, Ƙungiyar 'Yan Asalin Duwatsun Rodopi Mazauna Stuttgart ta samu labarin rasuwar 'yarmu kuma ƙanwarmu, fitacciyar mawaƙiya Uwargida Rusanka Gerzilova, wadda matasa suka fi sani da Roksi, wadda Allah ya yi wa cikawa ranar Talata a wani asibiti a Plovdiv tana da shekara hamsin da huɗu.

Mu da muka baro Bulgeriya da ƙarfinmu muka tsufa a masana'antun Jamus, mun san marigayiya tun tana sanye da saƙin ulu na ƙauye, tana rera waƙoƙin da ta tsara da kanta, babu kiɗa sai algaitar salka guda. Sau shida ta zo ta yi mana waƙa a zauren da muke aro a bayan coci, kuma a can, a kan teburin da muke yanka burodi, ta tsara mana Waƙar Masu Tafiya mai baiti bakwai. Ranar manyan maza sun yi kuka.

Sai wata rana muka kunna talabijin muka gan ta ta rina gashi, ta sauya suna, tana tsalle cikin fitilu da kiɗan inji irin na gidajen rawa. Ba a ƙarya a takardar ta'aziyya: ji muka yi kamar an mare mu. Kwamiti ya zauna ya cire waƙoƙinta daga littafin mawaƙanmu, ya hana a sa muryarta a tarukanmu. Amma gaskiya a faɗe ta. Mu ba mu wuce mutum arba'in ba, ita kuwa shekara goma tana cika filayen ƙwallo, kuma 'ya'yanmu da aka haifa a nan, masu amsa mana da Jamusanci, daga bakinta suka fara furta harshenmu ba tare da an tsawata musu ba. Hidima ce wannan ko ɓarna? Shekara ashirin muna musu, ba mu sani ba.

Da gidajen rediyo suka samu waɗanda suka fi ta ƙuruciya suka ajiye ta, masu bukukuwan gargajiya kuma suka ƙi buɗe mata ƙofa, ta koma waƙa a otal-otal na bakin teku. A lokacin ne ta rubuto tana so ta zo ta yi mana waƙa kamar da. Aka kaɗa ƙuri'a, tara suka ce a'a, takwas suka ce e. Ni na rubuta mata amsar, kuma ina cikin taran.

Yanzu mahaifiyarta, Iya Shina, ta aiko ta bakin ɗanta Manol cewa ranar arba'in, idan za a raba dafaffiyar alkama a bakin kabari, mu zo mu rera Waƙar Masu Tafiya. Ta ce: "Ku gaya wa tsofaffin nan masu taurin kai, tasu ce, su zo su yi mata." Ranar Lahadi muka taru don mu gwada, sai ga shi baiti uku kawai muka iya haɗawa. Shafukan da aka cire babu wanda ya san inda suka shiga, kaset ɗin da muka naɗi waƙar ma haka. Dattijo Kostadin mai algaita ya rantse baiti na huɗu a kan gada yake, Uwargida Nevena ta ce: "Kai Kostadin, wace gada? Rijiya ce, ƙwaƙwalwarka ta tafi tare da haƙoranka." Matasa suka ce su sun haddace waƙoƙinta na rawa kaf, ko a yi ɗaya daga ciki? Ba wanda ya daka musu tsawa.

A madadin Shugaban Ƙungiya, Dattijo Asparuh Belev, da dukkan mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga Iya Shina, da Manol, da 'yar marigayiya, Bilyana. Allah ya gafarta mata, ya ba ku haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Za mu zo, ko da baiti ukun ne. Sai dai mun san akwai mace ɗaya da baitoci bakwai ɗin ke kanta, kuma kwana biyar ke nan babu wanda ya iya ɗaga waya ya kira ta, shi ya sa nake roƙo a nan, a gaban jama'a. Iya, ki faɗa wa Manol sauran huɗun ya rubuto mana.

Sa hannu:
Strahil Kehayov
Kakakin Ƙungiya