Awa Shida da Minti Arba'in

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan sai godiya. Gwiwa tana nan da halinta, gyaran agogo kuma ya ja baya tunda kowa a waya yake duba lokaci. Tela maƙwabcina ne ke rubuta mini wannan, na kuma gargaɗe shi kada ya sassauta ko kalma ɗaya.

Saƙonka ya iso, wai za ka saya mini tikiti in zo in huta wurinka. Na gode, amma ba zan zo ba. Guga ke zuwa rijiya, kuma ni ne babba. Shekara goma sha huɗu kana ce mini nisa ne. Ranar da muka binne Inna, nisa. Ranar da uwar 'ya'yana ta rasu, nisa. Ni da ban yi boko ba, na ɗauka sai an kwana an wuni a sama. Shekaranjiya wani ma'aikacin filin jirgi ya kawo gyara, na tambaye shi. Ya ce daga filinmu zuwa naku kilomita dubu biyar ne da 'yan kai, awa shida da minti arba'in. Kilomita ban san ta ba, amma awa sana'ata ce, ba mai cutata a kanta.

Jiya na gwada. Ban buɗe shago ba, na ajiye agogo a gabana, na zauna a kujerar tsakar gida tun bakwai na safe. Inuwa ta bar bakin ƙofa ta koma gindin randa. Ba wanda ya yi sallama sai Tela, da ya leƙo ta katanga ya tambaya ko na fara taɓuwa ne. Biyu saura minti ashirin na miƙe na yi azahar. Ashe iyakar nisan ke nan, Auta? Ai kullum ina irin wannan zaman ni kaɗai, sai dai nawa ba ya sauke ni wurin kowa.

Ma'aikacin filin jirgin nan ya ƙara da cewa daga wurinku zuwa nan ya fi sauri da rabin awa, wai iska ke tura jirgin ta baya. To ka ji, ko iska ta san wanda ya kamata ya taso. Mu bakwai Inna ta haifa, mu biyu muka rage. Yanar ido ta riga ta rufe mini na hagu, ta fara taɓa na dama. Ka zo tun ina iya gane ka ba sai ka yi magana ba.

Ka gaida mai ɗakinka, da 'yarka 'Yar Baba, da takwarana da ban taɓa ɗauka ba. Gwaggo da Tela suna gaishe ka. Kada ka aiko tikiti, ka aiko mini ranar saukarka.

Ni ne yayanka,
Mai gyaran agogo