Ramin Wankan Maigida

Ƙanwata Fibi,

Ina gaisuwa. Ya yara, ya ƙafar Mama? Ni lafiya, bayana ne kawai ke ɗan ciwo.

Wurin iyon da muke gina wa maigida a bayan gidansa nan Abuja, mako takwas aka ce. Yau wata biyar ke nan. Da damina suka sa mu haƙa, ramin ya rufta sau biyu. Jiya muka gama tayil, Madam ta ce launin bai yi mata ba, a fasa. Duk gidan kuwa ba wanda ya iya iyo! Ku a Jambutu kuna jiran mai ruwa.

Sun hana ni tafiya bikin 'yata. Absalom ƙaninmu zai miƙa Peculiar a coci ranar aurenta. Kada ki gaya mata rami ne ya riƙe ubanta.

Allah ya tsare ku.
Yayanki, Abednego