Akuyar da Baba Bai Yanka Ba

Yaya Talatu,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina gajiya, yaya maigida da yara? Mu nan Barkiya lafiya lau.

Albishirinki. Bana Baba ya ƙi yanka wa iskokin gona baƙar akuya, ya ce shi na Yesu ne yanzu. Ruwa ya makara, dangi suka ɗora masa laifi, tsoro ya hana Inna cin abinci. Sai ya kai ta gindin tsamiyar da ake yankan, ya yi addu'a, ya ce, "Wanda ya yi tsamiyar nan shi ke riƙe da mu." Ranar ta ci tuwo, tun ruwa bai sauka ba.

Yanzu gero ya kai gwiwa. Akuyar kuwa jiya ta haifi biyu, Inna sai dariya take.

Ki sa mu cikin addu'a, ki gai da kowa.

Ƙanwarki,
Lami