Takarda ta Sittin da Uku

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. An ajiye min rahoton bincikenka a teburina a ofis, in tantance in sa hannu. Ka rubuta wai kashi casa'in da bakwai na masu zuwa asibitin unguwarmu suna son lambar nan mai ɗige-ɗige da ake haskawa da waya maimakon karɓar kati, don haka a rufe tagar kati. Auta, ta ina mutanen suka amsa tambayoyinka? Ta hanyar haska lambar da ka manna a bango! Wanda bai iya ba, ta ina zai gaya maka bai iya ba? Tir da wannan aiki. Kawo min ra'ayin marasa babbar waya.

Ka gaida gida.
Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ga takardu ɗari na tsofaffi, da biro na cike musu, kwana uku ina shan rana. Don Allah ki rufa min asiri ki sa hannu. Manaja ya ce in rahoton ya wuce Alhamis, in nemi wani aikin. Kin san matata ta kusa haihuwa.

Ƙaninki mai biyayya

Auta,

Gaisuwa dai don dole. Na karanta ɗari ɗin kaf. Tsofaffi ɗari, kowa "abin ya yi min daɗi ƙwarai"? Maiƙo ɗaya ya ratsa takardu ashirin a kusurwa ɗaya. A teburin mai abinci ka sha ranar taka ke nan.

Duk wannan da sauƙi. Ta sittin da uku sunan Mama ne a kai, wai "ina haskawa da kaina". Mamar da wayarta mai maɓalli ce, ɗaure da roba! Tagar nan take zuwa duk wata karɓar maganin hawan jini, mai katin ya san ta tun kana rarrafe. In an rufe, ina za ta? Na tambaye ta, ta ce zuwa ka yi ka ci ka ƙoshi, ka tambayi shekarunta, ta ɗauka zumunci ne har ta sa maka albarka. Wallahi ka ba ni ƙyama.

Yayarka

Yaya,

Na amsa laifina. Kin kai wa manaja?

Auta

Auta,

Ban kai ba, ban kuma sa hannu ba. Na roƙar maka mako guda, kuma don jaririn na yi, ba don kai ba. Gobe ranar maganin Mama ce, kai za ka raka ta. Ka zo da sabbin takardu, ka tsaya a layin tagar ka bi mutane ɗaya bayan ɗaya.

Da ita za ka fara. Na karanta mata ta sittin da uku. Ta ce ka zo da biro biyu, bayaninta da yawa.

Sai ka zo.
Yayarka