Ranar da Inna Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Gaya, Litinin

Zuwa ga ƙanena Bashir,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da karatu da abincin Parakou da kake ta kuka da shi. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai Inna.

Tun da Yaya Alassan ya rasu a bakin daga, aka binne shi can tare da abokan aikinsa, Inna ba ta koma daidai ba. Ta daina suyar kifi, tuwo ma sai na yi da gaske take ci. Ka san kunyar ɗan fari: yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai "wancan". Ya mutu ma ta hana kanta kuka gaban mutane. Wallahi tsoro nake ji kada abin ya tafi da ita.

An gayyaci iyalan sojoji zuwa Yamai ganin bangon da aka rubuta sunayen waɗanda suka kwanta dama. Da ƙyar ta yarda, wai rakiyata za ta yi. Ka taya mu da addu'a.

Yayarka,
Nasiba

Gaya, Lahadi

Bashir ƙanena,

Ina gaishe ka, ya jiki, ya gajiya? Mun dawo lafiya.

Bangon dogo ne, sunaye har ido ya gaji. Wani kaftan ɗin soja mai furfura ya durƙusa gaban Inna ya tambaye ta wa take nema. Ta dube ni don in amsa, yadda muka saba. Allah ya yafe mini, na kafe ido kan takalmina, na yi gum. Ni da kake cewa bakina ba ya hutu!

Ta daɗe tana murza bakin mayafi. Can sai na ji ta ce Alassan, a hankali, ta kuma maimaita da ƙarfi. Kaftan ya kai ta wurin, ta dafa sunan da tafin hannu, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Matan Zindar da na Tawa da ba su san mu ba suka riƙe ta.

A hanyarmu ta dawowa, a Dosso, ita da kanta ta ce yunwa take ji. Shekaranjiya ta aike ni Tounouga sayen kifi, kasko ya koma kan murhu. Jiya na ji ta tana ba maƙwabta labarin yadda Alassan ya faɗa kogi yana yaro, tana dariya tana share ido.

Ta ce in ka zo hutu kai za ka sake kai ta, wai akwai maganar da ba ta gama yi da Alassan ba.

Ka huta lafiya. Taka har kullum,
Nasiba