Hular Soja Ba Ta da Amawali

Yaya Lalla,

Ina gaishe ku da kyau. Yaya jikin Inna? Har yanzu Baba na tuƙa bas ɗin ma'aikatan mahaƙar ma'adinai a Arlit?

Ni lafiya lau nake a barikin Damagaram. Duk rukuninmu ni kaɗai ne Ba'abzine. Ba mai takura mini, sai dai hular soja ba ta rufe baki. Da farko na kasa cin abinci gaban manya ba amawali, don kin san a wurinmu abin kunya ne su ga bakin namiji. Yanzu ina ci, kaina a sunkuye.

Kin ce ƙanenmu Tijjani na son shiga soja. Ku bar shi. In ba mu shiga ba, wa zai ji maganar makiyayanmu a shingen bincike?

Ga hotona. Ki nuna wa Inna, amma kar Baba ya gani. Tun ranar da ya naɗa mini rawani bai sake ganin bakina ba.

Allah ya sada mu.

Ƙanenki,
Alkassoum